Sauya Rumbun Ajiyar Ƙaramar Kwamfutar Tebur



Yau shirinmu zai leƙa cikin wani ɗan akwati da ya zama ruwan dare a ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu da cibiyoyin rubuta jarrabawa, wato ƙaramar kwamfutar tebur. Wata girmanta bai wuce na babban littafi ba, har ana iya maƙala ta a bayan allon kallo. Wata kuma ta ɗan fi haka, kamar ƙaramar jakar hannu. Kamfanin Dell ya sanya wa nasa suna OptiPlex, na HP su ne EliteDesk da ProDesk, na Lenovo kuwa ThinkCentre. Da yawansu sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin 'yan kasuwa su kwaso su zuwa kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, daga nan su bazu zuwa Kano da Kaduna da sauran garuruwa. Injina ne masu ƙarko. Sai dai akwai abu guda a cikinsu da ke riga sauran tsufa, shi ne rumbun ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis.

Sunan rumbu ya dace da shi. Manomi na iya sake gina rumbu idan ya rushe, amma hatsin da ruwa ya lalata ya tafi ke nan. Haka abin yake ga mai shagon buga takardu da ya tara ayyukan ɗalibai na shekara biyar, ko akawun makaranta da sakamakon jarrabawar yara ke hannunsa. Akwatin ana sayen wani a kasuwa. Abin da ke ciki babu kasuwar da ake sayar da shi.

Na'urar rumbun ajiya ta daɗe a duniya. A shekarar 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da ta farko, tare da wata kwamfuta mai suna RAMAC. Faifai 50 ne a cikinta, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinta kusan tan guda, abin da take ɗauka kuma haruffa miliyan 5 ne kacal. Hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani sun isa su cika ta. A 1980 kamfanin Seagate ya ƙera wadda za ta shiga ƙaramar kwamfuta, mai inci 5 da kwata. Daga baya aka samu mai inci 3 da rabi ta kwamfutar tebur, da mai inci 2 da rabi ta kwamfutar cinya. A yau kamfanoni uku ne suka rage suna ƙera irin wannan rumbu mai faifai: Seagate da Western Digital da Toshiba.

Duk da wannan ƙanƙancewa, yadda yake aiki bai sauya ba. A ciki akwai faifai masu sheƙi da aka shafe da sinadari mai ɗaukar maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko sau 7,200 a minti guda. Akwai kuma wani ɗan hannu mai kai da komo a kansu, yana rubutu yana karatu. Bakin hannun ba ya taɓa faifan. Yana shawagi ne a kan iskar da juyawar ke tayarwa, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ta fi silin gashi sirantaka sau dubbai. Saboda haka bugu ɗaya lokacin da yake aiki, ko faɗowa daga tebur, na iya sa bakin ya karce faifan. Zafi na gajiyar da shi. Yawan ɗauke wuta babu shiri na iya katse rubutu a tsakiya ya bar fayiloli a lalace. Ƙaramar kwamfuta kuma cikinta a matse yake, idan ƙura ta toshe fanka sai zafin ya rasa hanyar fita.

Rumbu yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, ko da yake ba kullum ba. Kwamfutar da a da take tashi cikin minti guda sai ta koma ɗaukar minti goma. Fayil ya ƙi buɗewa yau, gobe wani. Wani lokaci allo ya yi shuɗi, injin ya kashe kansa ya sake tashi. Alamar da ta fi kowacce muni ita ce ƙara: ƙas, ƙas, ƙas daga cikin akwatin, kamar agogon bango. Wannan hannun ne yake neman inda zai fara karatu yana rasawa. Duk wanda ya ji haka, kashe kwamfutar ya fi masa, domin kowane ƙarin minti na iya ƙara ɓarna.

Akwai hanyar tambayar rumbun lafiyarsa tun bai kai ga haka ba. Masu ƙera shi sun saka masa wani tsari mai suna SMART, wanda ke riƙe da lissafin awoyin da ya yi yana aiki, da zafinsa, da adadin wuraren da suka lalace a kan faifai. Wata manhaja ta kyauta daga Japan mai suna CrystalDiskInfo tana karanto wannan lissafi. Idan ta nuna shuɗi, lafiya lau. Idan ta nuna rawaya, lokacin shiri ya yi. Idan ta nuna ja, sai a fara kwashe kaya nan take. Mai sayen kwamfutar da aka yi amfani da ita ma zai amfana da wannan gwaji tun yana gaban mai shago: shekara guda awa 8,760 ce, don haka rumbun da ya nuna awa 35,000 ya yi kusan shekara huɗu cur yana juyawa.

To, idan za a sauya, da me za a sauya?

A nan ne zamani ya kawo sauƙi. Akwai sabon nau'in rumbu da ake kira SSD, wanda babu faifai a cikinsa, babu hannu, babu abin da ke motsi. Ƙananan guntayen lantarki ne irin na cikin filash da waya. Ba ya ƙara, ba ya jan wuta da yawa, bugu kuma ba ya yi masa illa kamar na da. Rumbu mai faifai yakan karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD mai amfani da mahaɗin SATA yakan kai kusan 550. Nau'in da ake kira NVMe yana wuce 3,000. Bambancin ya fi fitowa wajen nemo ƙananan fayiloli da ke warwatse, abin da kwamfuta ke yi sau dubbai lokacin tashi. Shi ya sa kwamfuta mai shekara takwas, idan aka saka mata SSD, sai mai ita ya ji kamar an sauya masa inji. Rumbu mai faifai har yanzu yana da amfaninsa ga mai tara bidiyo da hotuna masu yawa, domin a babban girma ya fi araha.

Kafin a je kasuwa, a san irin gurbin da ke cikin akwatin. Matsakaiciyar kwamfuta, wadda ake ajiyewa a kwance ko a tsaye, galibi rumbu mai inci 3 da rabi ne a cikinta. Tunda SSD mai inci 2 da rabi ne, akan nemi ɗan ƙarfe ko robar da za ta riƙe shi a babban gurbin. 'Yar ƙaramar kuwa, irin su OptiPlex Micro da ThinkCentre Tiny da EliteDesk Mini, mai inci 2 da rabi take ɗauka kai tsaye. Da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera daga wajen 2016 zuwa sama suna da ƙarin gurbi mai suna M.2 a kan babban allon lantarki da ke cikin akwatin, inda ake zura wani siririn SSD mai kama da ɗan guntun rula. Lambar 2280 da ake gani a jikinsa ma'auninsa ce: faɗi milimita 22, tsawo milimita 80. A nan mutane da yawa ke yin asara, domin akwai M.2 mai aiki da SATA, akwai mai aiki da NVMe, a ido kusan iri ɗaya ne, amma ba kowane gurbi ke karɓar duka biyun ba. Dell da HP da Lenovo duk suna saka littafin gyaran kowane samfuri kyauta a shafukansu na intanet, da hotuna mataki-mataki. Lambar samfurin tana jikin takardar da ke manne a akwatin.

Ba kowace ƙaramar kwamfuta ce ke yarda a sauya mata rumbu ba. Mac mini ta kamfanin Apple, wadda ta fara fitowa a 2005, tsofaffin samfuranta ana iya sauya musu, ko da yake aikin na buƙatar sukundireba ta musamman da haƙuri. Amma a samfurin 2018 an manne ma'ajiyar da dalma a jikin babban allo, ba ta cirewa. Mai irin wannan, mafitarsa ita ce rumbun waje da ake jonawa da waya.

A kasuwa kuma a buɗe ido. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Akwai SSD na jabu da aka rubuta musu terabait 2, alhali abin da ke ciki ɗan kaɗan ne da aka yi wa dabara don ya yaudari kwamfuta. Mutum zai yi ta zuba kaya, sai ranar da ya zo buɗewa ya tarar babu komai. Manhajar H2testw tana cika rumbu da bayanai ta sake karanta su, ta fallasa ainihin girmansa. Sai dai kada a rikita jabu da bambancin lissafi: rumbu na gaskiya mai gigabait 256 zai bayyana a Windows a matsayin 238, mai 500 ya bayyana 465, mai terabait 1 kuma 931. Masana'anta na ƙirga da dubu-dubu, Windows na ƙirga da 1,024. Ba a cuci kowa ba.

Yanzu ga matakin da ya fi dukkan sauran muhimmanci, wanda ake yi tun ba a taɓa ko sukuru ɗaya ba: kwafe kaya zuwa wani wuri. A 1998, lokacin da kamfanin Pixar ke haɗa fim ɗin Toy Story na biyu, wani umarni da aka bayar bisa kuskure ya goge mafi yawan fayilolin fim ɗin. Da suka koma ga ajiyar ko-ta-kwana, sai suka tarar ba ta aiki yadda ya kamata. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciyarsu mai jego da ke aiki daga gida, wadda ke da kwafi a kwamfutarta. Darasi biyu ke nan: a yi kwafi, a kuma buɗe kwafin a tabbatar yana aiki. Masana na ba da shawarar kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a ajiye shi a wani gini daban. Wanda kuma rumbunsa ke kulle da tsarin tsaro na Windows mai suna BitLocker, ya nemo mabuɗin ceto mai lamba 48 ya rubuta a takarda kafin ya fara.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce kwafe tsohon rumbun kacokan zuwa sabon, da Windows da manhajoji da komai, ta yadda kwamfuta za ta tashi kamar ba a taɓa ta ba. Ana jona sabon da wata 'yar waya mai kan USB, a yi amfani da manhaja irin Clonezilla ta kyauta, ko wadda kamfanoni irin Samsung ke bayarwa ga masu sayen kayansu. Dole sabon ya iya ɗaukar duk abin da ke cikin tsohon. Dole kuma a duba sau biyu wanne ne ake kwafowa daga gare shi, wanne ake zubawa a ciki, domin wanda ya juya su zai shafe aikinsa da hannunsa. Hanya ta biyu ita ce saka sabuwar Windows daga filash mai aƙalla gigabait 8, wanda ake shiryawa da manhajar Microsoft ta kyauta. Wannan ta fi dacewa idan tsohon rumbun ya fara ciwo, ko kwamfutar ta cika da tarkace. Batun lasisi ba abin damuwa ba ne ga yawancin injinan ofis, domin tun zamanin Windows 8 mabuɗin yana ajiye a cikin babban allo. A tuna cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman injin Intel na ƙarni na 8 zuwa sama. Ga tsofaffin injina da ba su kai ba, akwai tsarin Linux na kyauta, irin su Ubuntu da Linux Mint.

Aikin hannun kansa ba ya wuce minti ashirin ga mai natsuwa. A kashe kwamfutar, a zare wayar wuta da duk sauran wayoyi, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wutar da ke ciki ta fice. A shimfiɗa akwatin a kan teburin katako mai haske, ba a kan darduma ko katifa ba.

Akwai wani haɗari da ido ba ya gani. Kowa ya san yadda a lokacin hunturu mutum zai taɓa ƙofar mota ko ya cire rigar leda ya ji wuta ta ɗan ja shi. Busasshiyar iska ce ke sa lantarki taruwa a jiki. Tartsatsin da mutum ba zai ma ji ba ya isa ya ƙone ɗan guntun lantarki a cikin kwamfuta. Don haka kafin a kai hannu ciki, a taɓa ƙarfen da ba a yi wa fenti ba, a riƙa maimaitawa lokaci-lokaci, a kuma riƙe SSD ta gefensa, kada yatsa ya taɓa haƙoransa masu ruwan zinariya.

'Yar ƙaramar, sukuru ɗaya ne yawanci a bayanta, wani ma da yatsa ake kwance shi, sai a tura murfin gaba a ɗaga. Matsakaiciyar kuwa tana da maƙulli a gefe ko a baya. Da zarar an buɗe, a ɗauki hoton ciki da waya, don a san inda kowace waya take. Masu ƙera injinan ofis sun sauƙaƙa aikin: a na Dell, wuraren da aka yi don hannu ya kama shuɗi ne, a na HP da yawa kuma kore. Wayoyi biyu ne ke shiga rumbun SATA, siririya mai haƙori 7 ta bayanai, da mai faɗi mai haƙori 15 ta wuta. A kama kan wayar a ja a miƙe, kada a ja igiyar, kada a karkata, domin robar bakin tana karyewa da wuri. Bakin yana da lanƙwasa a gefe ɗaya, ba ya shiga a juye. Idan abu ya ƙi shiga, ba ƙarfi yake nema ba, a sake dubawa. A wasu ƙananan injinan babu waya ma, rumbun na zamewa ne kai tsaye cikin mahaɗinsa. Shi kuwa M.2, ana zura shi a ɗan karkace, a kwantar da shi a hankali, a ɗaure da ɗan sukurunsa guda. Tunda an riga an buɗe, a busa ƙurar da ke fanka, a riƙe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa.

Bayan an rufe an kunna, a fara shiga shafin saitin injin a ga ko ya gane sabon baƙon. A Dell maɓallin F2 ne, a HP F10, a Lenovo F1. Don zaɓar tashi daga filash kuma, F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP. Idan injin ya ga rumbun amma mai saka Windows bai gan shi ba, sau da yawa saitin ajiya ne ke kan RAID, mayar da shi AHCI kafin sabon sakawa yakan warware matsalar.

Saura tsohon rumbun, wanda yawanci ake mantawa da shi. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka wallafa sakamakon bincikensu kan tsofaffin rumbuna 158 da suka saya a kasuwa. Guda 12 kacal aka goge yadda ya kamata. A cikin sauran sun samo lambobin katin banki fiye da 5,000, da bayanan marasa lafiya da wasiƙun mutane. A 2009 kuma ɗaliban aikin jarida daga wata jami'a ta Kanada suka sayi rumbu a kasuwa a Ghana kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilar gwamnatin Amurka a ciki. Dalili shi ne, share fayil ko yin fomat na gaggawa ba ya cire bayanan, yana dai goge sunansu ne daga jerin. Manhajar ceto na iya dawo da su.

Saboda haka a ajiye tsohon a wuri mai kyau na wata guda ko biyu, har a tabbatar babu abin da aka manta. Idan yana da lafiya, a saka shi a ɗan gidan USB ya zama ma'ajiyar ko-ta-kwana. Idan za a sayar ko a kyautar, a yi masa cikakken gogewa da ke rubuce kowane lungu nasa. Idan ya mutu kuma akwai sirri a ciki, a huda shi da injin huji a wurare da dama, tare da kare ido, domin faifan ƙananan da yawa gilashi ne. Kada a ƙona shi, hayaƙinsa guba ne. Wanda kuma rumbunsa ya mutu da kaya masu daraja a ciki, kada ya buɗe murfinsa a ɗaki, kada ya bari a saka masa shi a firji. Ƙwayar ƙura ɗaya ko raɓa na iya ƙarasa faifan. Wannan aikin masu ɗaki na musamman ne mara ƙura.

Masu sauraro, musamman shugabannin makarantu da masu shaguna da ma'aikatan ofis, kira gare ku shi ne kada ku jira sai kun ji ƙas-ƙas daga cikin akwati. A cikin makon nan ku gwada lafiyar rumbun kwamfutarku, ku kwafe abin da ba za ku iya jure rasawa ba zuwa wuri na biyu, ku buɗe kwafin ku ga yana aiki. Wanda zai kai wa mai gyara, ya yi kwafin kafin ya fita daga gida, ya kuma karɓo tsohon rumbunsa a hannu idan an gama.